Fatar Sarauta da Takardar Gwamnati: Abin da Martin Staniland Ya Gano a Yandi

 A wannan shafi muke kawo muku a rubuce abin da aka tattauna a filinmu na tarihi, saboda wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, ko wanda yake so a sake karanta masa da dare bayan an ɗaure shanu.

Maganarmu ta wannan karo a kan wani malamin jami'a ce, Bature masanin kimiyyar siyasa mai suna Martin Staniland, da littafin da ya rubuta a kan sarautar Yandi. Na san wani zai ce, to ina ruwan biri da gada? Mai kora shanu ko mai lodin albasa, me ya haɗa shi da littafin jami'a? Ga abin da ya haɗa ku. Duk ranar da aka sa dokar hana fita a Yandi, ko aka hana hawa babur a Bawku, ko mota ta tsaya a Walewale tana jiran rakiyar soja, to irin rigimar da mutumin nan ya bi diddiginta ce take cin kuɗinku. Gara mutum ya san daga ina ta taso.

Staniland ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, kuma ya rubuta littattafai a fannoni daban-daban. A 1985 ya fitar da littafi a kan dangantakar siyasa da tattalin arziki. A 1991 ya fitar da wani a kan yadda masanan Amurka suka kalli 'yan kishin ƙasa na Afirka tsakanin 1955 da 1970. Daga baya ma ya koma binciken kamfanonin jiragen sama na Turai da gwamnatocinsu, ya fitar da littafi a kan haka a 2003. Amma a wannan yanki namu da littafi guda aka san shi, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a 1975, mai suna The Lions of Dagbon, wato Zakunan Dagbon. Sunan ya dace, don kuwa zaki shi ne alamar Ya Na, sarkin Dagwamba. Kun kuma san a Arewacin Gana sarki a kan fata yake zama, shi ya sa in an ce rigimar fata, rigimar sarauta ake nufi.

Kafin mu shiga Yandi, bari mu ratsa ta Salaga, don a can ne za ku ga yadda ake raba gardamar fata kafin zuwan Turawa, da kuma wanda yake biyan kuɗin gardamar.

Kakanninmu da suke cewa za su Gwanja, Salaga suke nufi. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya, su komo da goro. A kasuwar ana sayar da shanu da dawaki, ana kuma sayar da bayi, wannan ma tarihi ne da ba a ɓoye shi. Kasuwar ta fara rauni bayan 1874, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kumasi, hanyar goro daga ƙasar Tonawa ta rikice. Amma abin da ya karya ta sarauta ce. Sarakunan da suke riƙe da Salaga a Kpembe suke zaune, kuma gidajen sarauta uku ne suke karɓar fatar: Lepo, Singbung da Kanyase. A 1892 Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya tashi wa Kpembewura Napo na gidan Lepo, ya samo taimakon mayaƙan Dagwamba da Nanumba, ya ci yaƙi. Fata ta samu mai ita, amma garin ya watse. Fatake da malamai suka yi ƙaura zuwa Kete Karaci da Yeji da Kintampo, wasu har Ankara. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna a Karaci har rasuwarsa a 1934. Bahaushen zango ba shi da gado a fatar Kpembe, amma shi ya bar gidansa da rijiyarsa. J. A. Braimah, ɗan sarautar Gwanja kuma ɗan siyasa, tare da Jack Goody, sun tattara labarin wannan yaƙi a littafin da suka fitar a 1967.

To, tambayar da littafin Staniland ya ɗauko ita ce: idan aka zo aka hana yaƙi, wa zai raba gardamar fata? Ya nemi amsar a Yandi.

A Yandi gidaje biyu ne, waɗanda a nan ake kira ƙofofi. Ya Na Yakubu na I, a ƙarni na 19, ya haifi Abudulai da Andani, uwa daban-daban, kuma dukansu sun yi sarauta, ɗaya bayan ɗaya. Zuriyarsu ce gidan Abudu da gidan Andani na yau. A 1896 Jamusawa suka ci rundunar Dagwamba a Adibo. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar a kan takarda: Yandi ta faɗa hannun Jamus, Tamale da Savelugu hannun Ingila. Masarauta ɗaya ta wayi gari da iyaka a tsakiyarta, abin da ku masu ƙetare iyaka kullum kun fi kowa sanin zafinsa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Jamus ta rasa Togo, aka sake haɗe Dagbon, aka naɗa Ya Na Abudulai na II a 1920.

Daga nan Turawan Ingila suka so su yi mulki ta hannun sarakuna, irin yadda suka yi a Arewacin Najeriya. Mulki irin wannan kuwa yana bukatar doka a rubuce. A 1930 suka tara sarakunan Dagbon a Yandi, aka rubuta ƙa'idojin gadon sarauta, ciki har da cewa daga masu riƙe da fatun Karaga, Savelugu da Mion ake zaɓen Ya Na. A 1948 aka sake taɓa tsarin. A da dattawan fada irin su Kuga Na, tare da masu duba, su ne suke fitar da sarki. Sai aka kafa kwamitin zaɓe na manyan hakimai da dattawa. A shekarar Mahama na III na gidan Abudu ya hau. Da ya rasu a 1953, ɗansa Abudulai na III ya gaje shi a 1954. Gidan Andani suka ce an tsallake su, an kuma bar hanyar kakanni. Gidan Abudu suka ce an bi dokar da majalisar sarakuna ta amince da ita. Kun ga yanzu al'ada ta zama biyu, kowa da tasa, kowa da hujjarsa.

Da Gana ta samu 'yanci a 1957, 'yan siyasa suka gaji kujerar Bature, suka gaji gardamar tare da ita. A 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fitar da doka mai lamba 59, wadda ta ce bayan Abudulai na III sarauta ta koma gidan Andani. A 1966 soja suka kifar da Nkrumah, magana ta sake buɗewa. Abudulai na III ya rasu a 1967, aka naɗa Andani na III a ƙarshen 1968, shi ma ya rasu a watan Maris na 1969. Kwamitin Mate Kole da gwamnatin soja ta kafa ya ce naɗin nasa bai inganta ba. Ranar 9 ga Satumba 1969, kwanaki kaɗan bayan zaɓen da ya kawo Kofi Busia kan mulki, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan mutanen gidan Andani a fadar Yandi, sama da mutum 20 suka mutu. Aka naɗa Mahamadu Abudulai na IV na gidan Abudu. A 1972 Acheampong ya kifar da Busia, ya kafa kwamitin Ollennu, kuma a 1974 aka sauke Mahamadu, aka naɗa Yakubu Andani na II. A daidai nan labarin littafin ya tsaya.

Ku duba jerin nan da kyau: 1960, 1969, 1974. Kowane hukunci ya zo ne da gwamnatinsa, kuma kowace sabuwar gwamnati ta warware na wadda ta gabace ta. Wannan shi ne abin da Staniland ya fito da shi fili. A da, ƙa'idar gado tana da sassauci. Dole mutum ya zama ɗan sarki, amma bayan haka sai goyon baya da dukiya da dabara, in ta ƙi sai ƙarfi. Turawa sun hana ƙarfin, sun kuma ɗaure ƙa'idar a takarda, ba su kuwa kashe kwaɗayin fata ba. Sai ya zama wanda duk ya rasa, maimakon ya tara mayaƙa, sai ya tara lauyoyi da 'yan boko, ya nemi uban gida a Ankara. Shi kuma ɗan siyasa yana bukatar ƙuri'un Arewa, sai ya rungumi gida ɗaya. Wanda aka kayar ba ya ganin an gama, juyin mulki ko zaɓe na gaba kawai yake jira. Tun 1973 Staniland ya fitar da maƙala a kan yadda ake juya al'ada a siyasar Arewacin Gana, littafin kuma ya faɗaɗa wannan magana da hujjoji daga takardun gwamnati.

Abin da ya biyo bayan littafin, manyanmu sun gan shi da idonsu. A 1986 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Yakubu na II. Mahamadu ya rasu a 1988, gardamar yi masa bikin makoki na sarki a fadar Gbewaa ta zama sabon ciwo. Ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na II a fadarsa tare da mutane da dama. Dokar ta-ɓaci ta yi sama da shekara 2 a Yandi da Tamale. Fatar Yandi ta zauna shekara kusan 17 ba Ya Na. Abin lura shi ne, waɗanda suka ja ragamar sulhu sarakuna ne guda uku: Asantehene Otumfuo Osei Tutu na II, da Nayiri na Mamprusi, da Yagbonwura na Gwanja. Aka yi makokin sarakunan biyu, na Mahamadu a Disamba 2018, na Yakubu a Janairu 2019, sannan a watan Janairun 2019 ɗin aka naɗa Ya Na Abukari na II, wanda yake riƙe da fatar Savelugu.

A jami'a, ana auna tasirin malami da yawan masu binciken da suka dogara da aikinsa. Ta wannan ma'auni littafin ya yi nisa, don da wuya ka buɗe bincike a kan rikicin Yandi ba ka tarar da sunan Staniland a ciki ba, shekara 50 bayan fitowarsa. Wasu kuma sun ci gaba da tambayar a wasu wurare. A 1979 Paul Ladouceur ya fitar da littafi a kan sarakuna da 'yan siyasa a Arewacin Gana baki ɗaya. Farfesa Steve Tonah na Jami'ar Gana da ke Legon ya yi rubutu a 2012 a kan yadda siyasar jam'iyyu ta shiga rikicin Dagbon. Wyatt MacGaffey a 2013 ya duba sarakuna da tindana, wato masu kula da ƙasa na gargajiya, da makaɗan tarihi, da batun mallakar fili. Wanda ya kai irin wannan tambaya Bawku kuwa shi ne Christian Lund, masani ɗan ƙasar Denmak, a maƙalarsa ta 2003 da littafinsa na 2008.

Bari mu je Bawku ɗin, mu jera shekaru kamar yadda muka yi a Yandi. Bambancin shi ne, a Yandi 'yan uwa ne jikokin mutum ɗaya, a Bawku kuwa al'ummomi biyu ne, Kusasi da Mamprusi. A farkon shekarun 1930 Turawa suka ɗaukaka Bawku Naba, wanda Nayiri na Nalerigu yake naɗawa, a kan sauran sarakunan yankin. A 1957 aka wayi gari da mutum biyu: Nayiri ya naɗa Yerimiah Mahama, Kusasi suka naɗa Abugrago Azoka. Gwamnatin Nkrumah ta kafa kwamitin Opoku-Afari, ta amince da Azoka a 1958. Sojan da suka hau a 1966 suka fitar da doka mai lamba 112, sarauta ta koma hannun Mamprusi. Gwamnatin Rawlings ta fitar da doka mai lamba 75 a 1983, ta koma hannun Kusasi, aka naɗa Asigri Abugrago Azoka na II a 1984. Magana ta je Kotun Ƙoli a 2003. An yi tashin hankali a Disamba 2000, lokacin zaɓe, an sake yi a ƙarshen 2001, wuta kuma ta sake tashi daga ƙarshen 2021. Wannan fili ba kotu ba ne, ba mu zo raba gaskiya tsakanin kowa da kowa ba. Abin da muke so ku gani shi ne ɗinkin iri ɗaya ne da na Yandi: 1958, 1966, 1983, kowane da gwamnatinsa.

Masu tsara dokar Gana ma sun ga wannan ciwo. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 270, ya hana majalisar dokoki ba wa wani ikon amincewa da sarki ko janye amincewa daga gare shi, ya bar shari'ar sarauta ga majalisun sarakuna, ɗaukaka ƙara kuma zuwa Kotun Ƙoli. Sashe na 276 ya hana sarki shiga siyasar jam'iyya. Dokar ta toshe ƙofar gaba. Amma har gobe idan zaɓe ya ƙarato za ka ji ana raɗa a kasuwa cewa wannan jam'iyya ta gidan wane ce.

Littafin Staniland ba ya rasa giɓi, kuma giɓin ya shafe ku kai tsaye. Yawancin hujjojinsa daga takardun ofis suke, na jami'an Turawa da kwamitocin bincike. Takardar ofis kuwa maganar mai mulki take ɗauka. Dagwamba suna da nasu ma'ajiyar tarihi, wato makaɗan nan da ake kira lunsi, masu jero sarakuna da zuriyarsu da ka a daren kiɗan tarihi. Sannan littafin labarin 'ya'yan sarki ne da 'yan boko da jami'ai. Bafulatanin da yake kiwon shanun hakimi a bayan gari, da Bahaushen zango mai rumfa a kasuwar Yandi, ba su ne abin bincikensa ba. Misali, wata biyu bayan harbin Yandi, a Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, dubban mutanen zango suka kwashe ya-nasu-ya-nasu zuwa Najeriya da Nijar da sauran maƙwabta. Labarin makiyaya sai da Steve Tonah ya ba shi littafi na kansa a 2005, a kan zuwan Fulani Gana da zamansu.

To me ya sa har yau fata take da tsada haka? Wani ɓangare na amsar ƙasa ce. A zamanin Turawa doka ta sa filayen Arewa a hannun gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da su ga masu su na gargajiya, na 1992 ya tabbatar. Lund ya nuna yadda wannan ya ƙara wa gardamar wane ne mai ƙasa zafi, tsakanin sarki da tindana, tsakanin gida da gida. Wanda yake kan fata shi yake ba ka wurin kafa ruga, shi yake cewa ga burtali ga mashaya, shi ake kai wa ƙara in shanu sun shiga gona. Idan fatar tana cikin gardama, iznin da aka ba ka ma yana cikin gardama, ko ba a gaya maka ba.

Saboda haka, iyayena, ga abin da nake ganin mai garke da mai kaya za su ɗauka daga wannan tarihi. In za ka sauka a sabon wuri, ka gai da sarki kamar yadda aka saba, amma kada ka tsaya nan. Ka gai da tindana inda akwai shi, ka san manoman da za ku yi iyaka da su, ka sanar da wakilin unguwa a majalisar gunduma. Abin da aka yi yarjejeniya a kai, na kuɗi ne ko na dabba, a rubuta shi da shaidu daga ɓangare fiye da ɗaya, ka ajiye kwafinka tare da takardun allurar shanu. In aka zo neman gudummawar sa ko kuɗi don shari'ar wani gida, ka san cewa ranar da aka juya, za a tuna wanda ya bayar. A rumfa da tasha da cikin mota, kada bakinka ya naɗa sarki ko ya sauke shi, don ba ka san wanda yake zaune kusa da kai ba. Direba kuma kada ya ɗauki ƙunshin da bai ga cikinsa ba, komai kuɗin da aka sa masa. Zaɓen Gana a watan Disamba ake yin sa duk bayan shekara 4. A irin wannan shekara, mai hankali yakan rage bashin da yake bayarwa a garin da ake gardama, ya kuma san hanya ta biyu da zai bi da kayansa ko dabbobinsa tun kafin a rufe ta farko.

Sarkin zango da arɗo su ma suna da nauyi a nan. Mutanen Salaga na 1892 ba su da wanda ya rubuta musu gargaɗi. Mu muna da shi, daga Braimah da Goody, da Staniland, da waɗanda suka biyo bayansu. 'Ya'yanmu da suke karatu a Tamale da Legon da Zariya, a ƙarfafa musu su zauna da tsofaffin madugai da arɗaɗe su rubuta abin da suka gani a 1969 da 2002, tun masu labarin suna raye, don wannan ɓangaren tarihin har yanzu yawancinsa a bakin dattawa yake.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman dattawanmu na Salaga da Yandi da Bawku, ƙofa a buɗe take, a aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya tsare matafiya, Ya albarkaci garke da kasuwa.